Katantanwar da Aka Kira Kayan Bori

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kira ni 'yar bori a wurin aikina ba. Ku masu shara na yanzu, ku saurara.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ina sharar ɗakin kimiyya a wata makarantar 'yan mata nan Daura. Aikina in share, in goge kabad, in mayar wa mataimakin shugaba makulli.

A kabad ɗin akwai wani farin dutse, bai cika tafin hannu ba, ƙananan katantanwa sun daskare a jikinsa kamar ƙwayar dawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mahaƙin rijiya ne, a cirani wajen Sakkwato ya tono shi. Da ya rasu na nuna wa Malam Hamisu, malamin ɗakin. Ya ce, "Iya, waɗannan na teku ne. Da can ruwa ne ya rufe ƙasar, irinsu ya ƙare a duniya." Ya roƙe ni, na bar wa yara su riƙa gani.

Duk sanda na zo goge shi sai hawaye, in yi wa marigayi addu'a. Ashe an kai wa mataimakin gulma wai ina magana da ƙwayoyin wuri, irin na masu duba.

Wata rana Malam Hamisu na kwas a Katsina, sai mataimakin ya faɗo ɗakin.

"Ke tsohuwa, bori kika kawo mana? A wannan zamanin?"

"Ranka ya daɗe, kayan karatu ne. Ka jira mai ɗakin ya dawo."

"Ba na jiran kowa."

A ƙa'ida ba a fitar da ko cokali daga ɗakin sai da sanin malaminsa. Shi kuwa ko taɓa dutsen bai yi ba, da tsintsiyata ya turo shi ƙasa. Ya tasa ni gaba har masai, ɗalibai na kallo, ya tsaya sai da na jefa. Abin da ya rage mini na mijina ke nan!

Da Malam Hamisu ya dawo ya yi faɗa sosai. Mataimakin ya ba shi haƙuri. Shi ya ba, ni ko kallo ban samu ba.

Abin da aikin nan ya koya mini, ana ba mai shara makulli, amma ba a jin ta bakinta. Don haka duk babban da ya ce ku zubar da abin da ba shara ba, ku miƙa masa cikin ladabi, ya jefa da hannunsa.