Cibiyar Paulina

Doña Cande ba ta san tsoro ba, haka kowa yake faɗa a unguwar 'yan Guatemala ta wannan ɗan gari na arewacin Alabama. Matar da ta ƙetare hamada da yaro goye a baya, ta zo ta ƙarar da ƙuruciyarta a kamfanin kaji tana yanke fukafukai cikin sanyi har yatsunta suka lanƙwashe, me kuma ya rage da zai tayar mata da hankali? To ai kuwa an samu. Wani ɗan busasshen abu ne da bai fi ƙwayar wake ba: cibiyar jikarta Paulina, wadda ta faɗo wajen wanka.

A garinsu na kan duwatsu, cibiyar 'ya mace a gindin murhu ake binne ta, don hankalin yarinya ya zauna wuri ɗaya, ta san gidansu. Wadda aka bar tata a yashe kuwa, sun ce haka za ta tashi, ba ta nan ba ta can. Doña Cande ba ta ɗauki wannan da wasa ba. 'Yan matanta biyu da ta haifa a nan, cibiyoyinsu duk ta naɗe a ƙyalle ta aika gida aka binne. A lokacin babu wanda ya ce uffan, don duk wanda aka haifa a ƙasar nan ɗan ƙasa ne, ko da iyayensa ta ƙarƙashin wayar kan iyaka suka shigo.

Yanzu kuwa magana ta canja. Ɗanta Lencho, uban Paulina, yaron nan da ta goyo a hamada, har ya yi gemu bai da takardun zama, matarsa Rosenda ma haka. Tun cikin Rosenda yana ƙarami rediyo ya hana su sakat. Yau a ce za a daina ba wa 'ya'yan marasa takardu 'yancin zama 'yan ƙasa, gobe a ce kotu ta dakatar, jibi a ce an ɗaukaka ƙara. Lauyoyi su fito su yi ta zuba, wannan ya ce tsarin mulki ya riga ya yanke, wancan ya ce an daɗe ana yi masa mummunar fahimta. Su dai bakinsu kawai ke aiki, mai ciki ita ke ramewa.

Har wurin aiki maganar ta bi ta. Darlene, Baturiyar da suke tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a layin kaji tun kafin su yi furfura, ita ta saƙa wa jaririyar bargo da hannunta. Amma ita ce kuma ta ce, tana tauna burodinta, ai doka doka ce, ba kowa zai shigo ya haihu a ce ya zama ɗan gida ba. Sai ta dafa Doña Cande ta ce ba da ita take ba. To da wa kike, baiwar Allah? Haka Doña Cande ta ce a ranta, don ta ji zafin maganar sosai.

Ranar Asabar Don Tacho ya zo, mai kai saƙo Guatemala, da ƙatuwar motarsa cike da kwalaye. Yana ganin ƙyallen da Doña Cande ta naɗe cibiyar a hannunta ya gane.

"A'a, Doña Cande, wata fasinjar kuma? Kawo ta, irinsu ba sa neman biza."

Rosenda, wadda ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, ta fito daga ɗaki da jaririya a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, don Allah kada ki ba shi. In kika aika cibiyarta can, kin yarda da su ke nan cewa ita ba 'yar nan ba ce."

Lencho ya goyi bayan aikawa. Ya ce su daina yaudarar kansu, in aka kwashe su gobe gara yarinyar ta tarar da wani abu nata yana jiranta a can. Rosenda ta ce can ina, gidan da aka kulle tun rasuwar kaka, murhun da ya shekara da shekaru bai ga wuta ba? Lencho ya ce to nan ɗin fa, gidan haya ne na kwano, girki a kan gas, ko murhun ma babu, kuma ran da mai gida ya ga dama zai ce su tattara. Suka yi ta yi, Don Tacho yana duba agogo yana cewa shi fa hanya ce a gabansa.

Doña Cande ta tsaya da ƙyallen a tafin hannu. In ta aika, ta sallama jikarta ga ƙasar da ba ta taɓa shaƙar iskarta ba. In ta binne a nan aka kore su, ta bar hankalin yarinyar a bayan gidan wani, wata rana a zuba siminti a kai. Ajiyewa a akwati kuwa shi ne mafi muni a wurinta. Ta ce wa Don Tacho ya tafi, Allah ya kiyaye hanya.

Ta zaga bayan gida ta ɗauko wani tsohon bokitin fenti, ta wanke shi tas. Ta durƙusa, da waɗannan lanƙwasassun yatsun, ta riƙa ɗibar jar ƙasar tsakar gidan tana zubawa har ya kusa cika. Ta kwashe tokar gasa masara ta barbaɗa, tun da ita ce abin da ya fi kusa da murhu. Sannan ta tura cibiyar can ciki, ta danne, ta yi addu'arta da harshen garinsu.

Rosenda ta tambaya a hankali, "Mama, wannan a ina aka binne ta ke nan?"

"A ƙasar da aka haife ta," in ji Doña Cande. "Ba ki ga ƙasar ba?"

Ta miƙe, ta kama mariƙin bokitin ta ɗaga, ta gwada nauyinsa ko za ta iya tafiya mai nisa da shi. Ta ga za ta iya. Ta kai shi ta ajiye dab da ƙofar fita.