Inna Ta Ƙi Hannun Surukinta

Jama'a, yau na zama katifa!

Kakata Inna, mahaifiyar Umma, tana kwance a asibiti a Gaya. Nas ta ce kada ta sauko daga gado sai an riƙe ta, saboda jiri. Umma na fita sayo magani, sai ga Baba ya zo dubiya. Inna na jin sallamarsa ta zuro ƙafa.

"Inna, ina za ki?"

"Ke ja'ira, surukina zai tarar da ni a miƙe kan gado?"

Sai ta yi luu. Na ce, "Baba, tare ta!"

Ya miƙo hannu, ta ce, "Kada ya taɓa ni." Ya janye. Ta faɗo kaina gaba ɗaya.

Ina ƙasa ina neman numfashi, ita kuwa ta gyara mayafi ta ce, "Malam, an zo lafiya?"