Kujerar da Ba Ta Naɗuwa

A gidanmu na Boɗinga ba a haɗa itace da itace. Turmi, akushi, kujerar tsakar gida, duk daga gungume guda muke fitar da su da gizago. Abin da aka haɗa da ƙusa kuwa, mu a wurinmu aikin rago ne.

Shekarar da na gaji mahaifina a sassaƙa, Bature mai rangadi ya sauka barikin Shagari, kujerarsa ta karye. Hakimi ya aiko aka tafi da ni. Ban taɓa ganin irinta ba: ƙafafu siri-siri a gicciye, ga majingina, ga wurin ɗora hannu. Sai da na zagaye ta ina lashe baki.

"Ka iya wagga?" in ji hakimi. "In ba ka iyawa, kafinta za a ɗauko Sakkwato, aikin fada duka shi koma hannunai."

Aikin fada tun kakana yake gidanmu. Na ce, "Ranka shi daɗe, har wadda taf fi ta!"

Na samo gungumen maɗaci, na faɗa masa kamar mayunwaci. Daɗi nake ji har cikin ƙashina. Na fitar da ƙafafun a gicciye yadda na gani, da majinginar, ba ƙusa ko ɗaya. Na yi mata zane da ƙarfe mai zafi, na shafe ta da man gyaɗa har tana ɗaukar ido. Duk wanda ya leƙo sai ya yi kabbara, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Ƙarti huɗu suka kai ta Shagari suna nishi. Bature ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya yi murmushi. Na ce a raina, shi ke nan, kakata ta yanke saƙa. Sai ya tashi, ya kama ta gefe da gefe yana matsawa. Ko gezau. Ya sa gwiwa, fuskarsa ta yi jawur. Tafinta ya juyo gare ni:

"Yana tambaya, ƙaƙa aka naɗe ta?"

Naɗewa? Ashe tasa naɗe ta ake yi kamar tabarma, mutum guda ya saɓa a kafaɗa. Wallahi ban san gicciyen nan don haka aka yi shi ba, na ɗauka ado ne.

Bature ya yi dariya har da riƙe ciki, ya hau dokinsa ya bar ta nan. Na durƙusa ina jiran a ce a tafi Sakkwato a ɗauko kafinta.

Hakimi ya taso, ya shafa majinginar, ya zauna a hankali, ya gyara rawani.

"Wagga ta mai zama gida ce, ba ta baƙo ba. Ku kai mani ita zaure." Ya dube ni. "Kai kuma tashi, alƙali na son irinta."