A Kawo Mai Hawan Keken Tukuna

Tun hazo bai ɗaga daga kan tabkin Chuncheon ba, ƙofar garejin Pyo Geum-rye ta riga ta yi ƙara ta naɗe sama. A tsaye take shan ruwan sha'irinta mai zafi, a tsaye take cin shinkafa, hannu ɗaya da cokali, ɗayan yana laluben sifana. Akwai kujera a garejin, amma kyanwa ce ta gaje ta. Matar nan ba ta iya zama ba, ko gidan makoki ta je sai ka gan ta a bakin ƙofa tana jera wa mutane takalma. Yanzu hannayenta sun soma rawa, ta ce da sanyi ya kankama za ta rufe garejin, shi ya sa na ce bari a faɗi nata tun tana ji da kunnenta.

Aikinta ba mai suna ba ne. Ƙugiya take ɗaura wa motoci, ƙarfen nan mai baki da ke leƙowa ta ƙarƙashin bayan mota, wanda ake zura wa mazaunin kekuna. Da motocin lantarki suka cika gari, makanikai da yawa suka ja da baya, don batirin a shimfiɗe yake a ƙasan motar, huda ɗaya a inda bai dace ba sai a shiga uku. Ita kuwa ta shige ƙarƙashinsu da tocila a baki. Matan ƙungiyarmu ta keke har yau suna ba da labarin ranar da ta bi wata mota a kan babur har bakin gada, don kawai ta tuna ba ta gwada fitilar hagu ta mazaunin ba. Sai dai tana da wata doka da ta ishi kowa: ba ta zaɓar wa mota ƙugiya sai an kawo keken, an kuma kawo mai hawansa. Masu fushi sun yi sun tafi, ita ko a jikinta.

Wanda dokar nan ta fi gasawa shi ne Gong Tae-sik, mai shagon taliya a bayan kasuwa. Matarsa Sun-ok ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya daina aiki, ƙafa tana ja. Matar da a da ita ce gaban kowa a hanyar keke ta bakin tabki, sai ta koma bayan labule a saman bene, ba ta son ko maƙwabta su gan ta. 'Yarsu Harin ta aiko mata da keke mai taya uku da batir, ya zauna a baranda ana shanya tsumma a kansa. Kwatsam wata safiya ta dubi taga ta ce, "Baban Harin, ganye ya yi ja a bakin tabki yanzu ko? Ka kai ni."

Tae-sik ya san matarsa. Idan ganyen nan ya zube, dusar ƙanƙara ta sauka bai kai ta ba, ba za ta sake faɗar maganar ba. Nan take ya sayi wata ƙugiya ta waya, wadda aka ce washegari za ta iso, tana isowa ya rungumo ta sai gareji.

"Yaya, ɗaura mini wannan yau-yau."

Geum-rye ta juya ƙarfen ta taɓe baki. "Wannan mai siririn bakin? Kuma sai na huda ƙashin motar dab da batir. Ka gaji da motar ne?"

"Haba Yaya, an ce har tirela tana ja!"

"Ja daban, dako daban. Kai ma kana iya jan buhun fulawa a ƙasa, ɗora shi a wuyanka mu gani. Ina keken? Ina mai shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin fi kowa sanin ba ta fita."

"To ni ina fita," ta ce, ta jawo ƙofar garejin ta rufe da rana tsaka.

A gidan, Sun-ok tana jin muryar baƙuwa ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Geum-rye ta yi kamar ba ta gani ba. Ta wuce baranda, ta yaye tsummokaran, ta auna keken taya bayan taya a kan sikelin wanka, sannan ta ɗaga murya yadda har ɗaki za a ji.

"Wa zai riƙa ɗora shi a mota?"

"Ni mana."

"Kai ɗin? Kai da murza kwaɓin taliya ya lanƙwasa ka kamar ƙugiyar da nake sayarwa?"

Sai ga wata 'yar dariya ta kufce daga bayan ƙofa. Tae-sik ya daskare a tsaye, rabonsa da jin wannan sautin har ya manta. Geum-rye ta tura ƙofar ba neman izini, ta miƙa hannu. "Ƙanwata, kawo hannun mai lafiyar, matse nawa. Matse mana! Kai, kai, sake ni! Da wannan hannun kike zaune ana yanka miki tuffa?"

A nan ta yanke shawara. Ƙugiya mai faɗin baki, wadda za ta zauna a ramukan da masu ƙera motar suka bari, ba huda ko ɗaya. Mazauni mai ƙasa-ƙasa da 'yar gangara, a tura keken ya hau da tayoyinsa, maɗaurin kuma ya kasance wanda hannun hagu kaɗai zai iya ja. Batirin keken a riƙa cire shi ana sa shi cikin mota, kada nauyin ya wuce abin da bayan motar zai ɗauka. Matsalar ɗaya ce: sai an aiko da kayan daga nesa, in an ɗaura kuma sai an kai motar wurin masu gwaji.

Jiran nan ya kusa zautar da Tae-sik. Ya kasa zaune ya kasa tsaye, taliya ta riƙa dahuwa tana caɓewa a hannunsa, masu ci suna ƙorafi. Iska na kaɗawa sai ya leƙo waje ya duba bishiyoyi. Yana kiran Geum-rye safe da yamma har ta ce in ya sake za ta ɗaura masa ƙugiyar a baki. Ana cikin haka, ranar da kayan suka iso, Sun-ok ta ja labulenta ta ce, "Bar shi kawai, sai baɗi." A bakin gareji ya tsaya yana gaya wa Geum-rye yana share ido.

"Je ka ce mata aikin ba zai kammalu ba sai da ita," in ji Geum-rye.

Ya ɗauka dabara ce. Sun-ok ma haka ta ɗauka, ta dai zo, ta ja hula har gira, tana dafe da kafaɗar mijinta. Motar tana sama a kan jak, ƙugiya ta zauna daram, saura a ɗaure notuna da doguwar sifanar nan mai yin ƙas idan ɗauri ya kai. Geum-rye ta ɗago hannayenta a gaban fuskar Sun-ok, suna karkarwa, ba ta ɓoye ba.

"Kin gani? Riƙewa zan iya, ja ne ya gagare ni. Shi kuma wannan, bayansa ba ya miƙewa. Ni in riƙe kan, ke ki ja."

Sun-ok ta daɗe tana kallon hannayen. Sannan ta ture hular baya, ta damƙi sifanar da hagu, ta cije leɓe ta ja. Ƙas! Suka koma kan na gaba.

Ranar da aka gama gwaji suka isa bakin tabki, yawancin ganyen yana ƙasa. Tae-sik ya soma ba da haƙuri, Sun-ok kuwa ta riga ta kwance maɗaurin keken da kanta. Ta hau, ta bi ta kan jan ganyen yana ruƙurƙushewa a ƙarƙashin taya, tana waiwaye tana cewa, "Tsoho, ɗaga ƙafa mana!" Geum-rye ba ta ga wannan ba, tana ƙarƙashin wata motar.

Ke ce, Yaya, mai tocila a baki, mai kunnen ƙashi. Mun sha zaginki a ɓoye kan dokar nan taki, muna cewa ɓata lokaci ne, ashe mu ƙarfe muke kallo, ke kina kallon wanda zai ɗaga, wanda zai ɗaure, wanda zai hau. Mun gode, kuma raina ba ya son ranar da ƙofar nan za ta sauka. Ku masu tasowa a sana'ar, kafin ku miƙa wa mutum abin da ya nuna a waya, ku tambaye shi wa zai yi amfani da shi, in ba a kawo shi ba ku je ku same shi.

Ku kuma sauran, ku leƙa ku gaishe ta kafin sanyi ya kankama, amma kada ku sa ran za ta zauna ku yi hira. In kun ga keke mai taya uku a bakin garejin, ku ɗan jira. Sun-ok ce a ciki, tun safe take zuwa ta ja mata sifana.