Gaisuwar da ba mu amsa maka ba, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha biyu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda ɗalibansa na ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta suke kira Malam Sannu.

Yaya, aikin farko da kake ba kowane sabon ɗalibi ne ya jawo maka sunan nan: ya rubuta 'yar manhajar da za a shigar mata da kalmar gaisuwa, ta faɗi harshen. In ba ta san kalmar ba, ta ce "BAN GANE BA". Ni ma da shi ka fara mini, a ajinka na saman shagon tela, mai fanka ɗaya. Tawa manhajar duk abin da aka ba ta sai ta ce Hausa ce. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce ta gado mai ita a taurin kai, sannan ka jawo kujera ka zauna da ni har ta gyaru. Haka kake yi wa kowa, ko da abincinka na hucewa a kan tebur.

Da hawan jini ya kayar da kai, magana ta ɗauke, kalma ɗaya ta rage. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakinka na asibiti ita kake faɗa masa, ka tsare shi da ido. Ba Hausa ba ce, ba Larabci ba, ba Turanci ba. Ɗalibanka suka yi ta bincike a kwamfuta, ba su dace ba. Hankalinmu ya tashi. Matarka ta ɗauka wurin ciwo kake faɗi, ni na ɗauka wasiyya ce. Mu gyara maka matashi, mu miƙo ruwa, kai kuma ka sake faɗa, har ka gaji ka juya fuska bango.

Sai bayan rasuwarka matarka ta maimaita kalmar a gaban Gwaggo, ƙanwar Baba. Gwaggo ta ajiye carbinta.

"Ai gaisuwa ce, 'yar nan. Yaren mahaifiyarmu ne, ita ta raine shi. Da me kuka amsa masa?"



Tun ranar tsoro bai sake ni ba, Yaya. Ciwon nan shi ya ɗauke Baba, ni ma ga shi ina shan maganinsa. Ban san wace kalma za ta rage mini ba, ban san ko 'ya'yana za su gane ta ba. Na roƙi Gwaggo ta koya mini amsar. Ta daɗe tana lalube, sannan ta ce ta manta.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka da yaranka da ɗalibanka haƙurin rashinka. Ka yi ta gaishe mu, ba mu sani ba. Allah Ya sa inda ka je an tarbe ka da sallama, an kuma amsa maka taka. Amin.