Mai Maganin da Ta Tuna da Mijina

Mijina mai gyaran kwamfuta ne a Mubi, ni kuma ina ɗinki a gida, a Nassarawo. Ran Lahadi da rana yakan buɗe kwamfutarsa ya yi wani wasa mai kashi uku, inda kai ne jarumin, kai ke zaɓar abin da zai faɗa da wadda zai so. A kashi na ɗaya ya zaɓi wata mai magani, doguwa, mai tsiwa.

"Madam, zo ki ga 'yar'uwarki," in ji shi. "Bakinku ɗaya."

Da ya shiga kashi na biyu, sai na ga matar ta gane shi, har ta tuna masa alkawarin da ya yi mata a bakin wani kogi. Ya ce wasan yana ajiye duk abin da ka yi, kashi na gaba ya ɗauko daga nan. Ya kwafe ajiyar a filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, ya ɗaura a makullin gida, yana jiran na uku.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, da safe ne. Ya miƙo mini makullin, ya ce in bi mutane, zai ɗauko mahaifiyarsa ya same ni a hanya. Na yi tafiyar ƙafa har Sorau, daga nan mota ta kai ni Yola. Bai same ni ba.

Wata huɗu ina bin sansanonin gudun hijira da hotonsa. Lambar wayarsa a kashe. Wasu suka ce sun gan shi ya nufi Kamaru, wasu suka ce ba shi ba ne.

Wata rana na kai filas ɗin wurin wani abokin sana'arsa da ya buɗe rumfa a Yola. Yana da kashi na uku. Ya sa mini, ya ba ni kujera. Ban iya wasan ba, shi ya riƙa wuce mini wuraren faɗa. Sai ga mai maganin. Ta dubi jarumin mijina ta ce ina ya shiga duk wannan lokaci, ta neme shi har ta gaji. Amsa uku suka fito da Turanci, na danna ɗaya ban gama karantawa ba. Ashe na ce mata ta manta da shi. Ta juya ta tafi.

Na kama rigar mutumin. "Don Allah dawo da ita! Ba haka zai ce ba!"

"Madam, kwantar da hankalinki, ana iya sakewa daga farko."

Na ce a'a. Kuka nake yi a tsakiyar kasuwa, masu sayen caja suna kallona, har wata mai kunu ta zo ta riƙe ni.

Da gari ya lafa na koma Mubi. Shagonsa ba ƙofa, ba komai ciki. Surukata na same ta da rai a gidan maƙwabta. Ta ce ya zo, ya ɗora ta a babur ɗin wani, shi ya tsaya don ba wuri. Iyakar abin da ta sani ke nan. Na ɗauko ta muka zauna tare, na gyara kekena na ci gaba da ɗinki. Duk wanda ya dawo daga Kamaru, ni da ita mukan je mu gaishe shi, mu nuna masa hoton.