Ƙwayar Gyaɗa Biyu a Ƙwaryata

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da Lahadin da aka ƙirga girmana da gyaɗa ba.

Lokacin ne ƙasa ta shiga zamanin jam'iyyu barkatai, kowa ba shi da zance sai zaɓe. Guguwar ta iso har 'yar majami'armu ta laka a wani ƙauye kusa da Cadawa. Fasto ya ce mu ma za mu zaɓi dattijon ikkilisiya da ƙuri'a.

Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga makarantar koyon Maganar Allah ba, kaina ya kumbura. Ayoyi a bakina kamar ruwan Agusta. Idan na yi azumi, sai na bi gari ina lasar leɓe don a tambaye ni. Sauran masu bi kuwa jarirai nake kiransu, masu shan nono, ni kaɗai na kai cin tuwon ruhaniya. Ko kunya ban ji ba na tsaya takara.

Abokin takarata wani tsoho ne manomi, ko harafi ɗaya bai sani ba, tura shi ma aka yi. A damunar da ta wuce shanun wani makiyayi sun yi mana ɓarna mu biyu. Ni saboda kunya uku ta wake da suka cinye mini na kai mutumin gaban jandarma a garin Agiye, ina jero masa ayoyin adalci a hanya. Tsohon da aka cinye masa rabin gero ya yafe, har ya bar shanun su sha a rijiyarsa. Na ce wannan rashin ilimi ne.

Ranar zaɓe aka ajiye ƙwarya biyu a bayan zana, aka ba kowa ƙwayar gyaɗa ɗaya ya jefa. Na ɗauki ƙwarya babba da kaina, kada tawa ta cika ta zube. Da aka juye, ta tsohon ta yi tuli. Tawa ƙwaya biyu ce, suna gangarawa a kan tabarma. Wata tsohuwa ta tura mayafi a baki don danne dariya.

Na ji zafi ƙwarai, don ɗaya ma ni na jefa wa kaina. A gida na ce wa matata, "Na gode, ke kaɗai kika san mai girma a cikin jahilan nan."

Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce, "Malam, ni hwa tsohon nan na jefa ma tawa. Tuwon nan naka a baki ya tsaya, mu da muke gida ba mu ga ya sauka ciki ba."

Da la'asar sai ga tsohon da sallama. Na fito ina cika ina batsewa.

Ya ce, "Ɗana, ni na sa ma gudan. Ina son ka samu, don kai ka iya karatu. Yanzu sun ɗora mani, ka riƙa karanta mani in ji abin da Ubangiji ya ce."

Na shimfiɗa masa tabarma, na shiga ɗaki na ɗauko Littafi.

Shekara shida na yi ina karanta masa, har ya rasu. Ni ke karantawa, shi ke aikatawa. A nan na koyi cewa ba kai ke shaidar girmanka cikin Almasihu ba, sai a tambayi matarka da wanda ya ɓata maka gona.